Goggo Madubi da Faifan Silikon

Goggona, yayar mahaifina, ba ta iya wuce abin da ya dusashe ba tare da ta miƙa hannu ba. In ta shiga mota sai ta sa bakin mayafi ta goge tagar daidai fuskarta. In ka miƙa mata cokali sai ta juya shi ta dubi bayansa kafin ta ci da shi. A gidanta ko murfin tukunya ka leƙa za ka ga haƙoranka. Shi ya sa tun kafin a haife ni ake kiranta Madubi, a wurin aiki da cikin dangi, har sunanta na gaskiya ya kwanta. Na zauna a gidanta bayan na gama sakandare na samu aiki a garin, a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, tana goge-gogenta ina zaune. Sauran kuma daga bakin mijinta, wanda ba ya rasa abin cewa in ya samu mai saurare.

A gidan akwai wata magana da kowa ya taso ya tarar, kamar yadda ake tarar da famfo a tsakar gida. Wai mijin Goggo, da muke kira Baba Tanderu, hannunsa ba ya riƙe abu mai fashewa. Ba a ba shi ruwa a kofin gilashi. Ba a aikensa sayen ƙwai. In ya ɗauki faranti daga tebur sai wani ya yi wuf ya ce a karɓa. Da dariya ake faɗa, shi ma yakan taya a yi dariyar. Na daɗe a gidan kafin na lura ban taɓa ganin ya fasa komai ba.

Mahaifin su Goggo, wato kakana, mai yankan gilashi ne. Yana yi wa masu aski da masu sayar da kayan ɗaki madubi a wani ɗan shago mai duhu. Ita ce babba a cikin 'ya'yansa, ita ke goge madubin da aka gama kafin mai shi ya zo ɗauka. Ta ce yakan ɗaga madubin zuwa hasken ƙofa, ya karkata shi nan ya karkata can, in bai ga komai ba ya ce mata, mai saye da ido yake saye, abin da ido bai gani ba babu shi. A sana'arsa kuwa gaskiya ya faɗa. Madubi ba a sa shi a wuta, rataye shi ake yi a bango.

Da aka buɗe wata masana'anta a bayan gari, can inda motar haya ke juyawa, Goggo tana cikin 'yan matan farko da aka ɗauka. Wani farin gini ne marar taga, wanda ba a shiga sai an sa fararen kaya daga kai har ƙafa, da takunkumi da safar hannu, ba ka gane mutum sai ta ido da tafiya. Faifan silikon suke yi, wanda wasu kamfanoni ke saya su buga ƙwaƙwalwar waya da ta kwamfuta a kansa.

Ta sha yi mini bayanin aikin, kuma duk lokacin da take yi muryarta takan canza. Ana narka silikon, wani sinadari da ake tacewa daga yashi, a rene shi a hankali har ya zama doguwar sanda mai nauyi. Ƙwayoyin da ke cikinta ido ba ya ganinsu, amma a jere suke sahu-sahu kamar bulo a ginin gwanin magini, daga wannan bakin har wancan ba sahun da ya goce. Wannan jerin shi ne darajar kayan. Sai zarto ya yanka sandar faifai-faifai, kowanne bai fi farce kauri da yawa ba, faɗinsa kamar ƙaramin faranti. Zarto kuwa ba ya yanka abu bai ji masa ciwo ba, don haka sai a kai faifan ɗakin guga, wurin su Goggo. Akwai guga mai kaushi, inda ake sa shi tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa da ruwa mai yashi-yashi har ya baje. Sai a tsoma shi a asid ya cinye fatar da ta ji ciwo. Sai guga mai laushi, a kan wata shimfiɗa da wani ruwa mai kama da madara, har ya zama madubi. Daga nan a kai shi ɗaki mai duhu a haska masa fitila mai ƙarfi. In ba a ga ko ƙwarzane ba, ya wuce zuwa tanderu, inda ake gasa shi kafin a rufe a akwati.

A wannan tanderun Baba yake aiki. Wani dogon bututun gilashi ne da ke yin ja don zafi. Ana jera faifan a tsaye cikin wani abu da suke kira jirgi, a tura shi ciki a hankali, a jawo shi a hankali. In aka yi gaggawa, gefen faifan ya riga tsakiyarsa ɗaukar zafi, sai sahun ƙwayoyin ya goce, wasu siraran layuka su fito a fuskarsa, kayan sun tashi daga aiki. Baba kuwa mutum ne mai sauri tun yana saurayi. A tsaye yake shan shayi, yana tafiya kamar an biyo shi, magana na fita daga bakinsa wata na taka wata. Amma ya ce mini a bakin wuta kaɗai ya koyi tafiyar hawainiya, har numfashinsa yakan rage in yana tura jirgi.

A motar ma'aikata suka haɗu. Ya tambaye ta sashenta, ta ce ɗakin guga, ya ce madalla, dama yana da riguna da suka yamutse. Ta dubi wuyan rigarsa ta ce wannan ba guga yake nema ba, sabulu yake nema. Ya ce tun daga ranar ya san ya shiga uku, kuma ya shiga da ƙafarsa. Suka yi aure, suka haifi namiji da yanzu yake aiki a nesa, da mace da muke kira Auta.

Goggo ba ta daɗe ba ta fi kowa a ɗakin guga. Injin guga mai kaushi yana da wani hannu da ake murɗawa a ƙara nauyin da ke danne faifan, kuma an yi alama inda ya kamata a tsaya. Ita ta gano in ta ɗan wuce alamar, faifan yana bajewa da wuri. Ta kuma lura asid ɗin nan yana dusashe fuskar faifai, ya bar ta da aikin dawo da sheƙi, sai ta riƙa tsamo su kafin lokacinsu ya cika sosai. Abin da ya fito a ƙarshe madubi ne ƙal, kamar na kowa ko ya fi, kuma cikin ɗan lokaci. A ƙarƙashin fitila kayanta ba su taɓa faɗuwa ba. Shugabansu ya ga aiki na gudu, bai tambayi yadda aka yi ba. Aka ba ta shugabancin ɗakin, ta koya wa duk yarinyar da ta shigo. Takan ce musu su ƙara masa ɗan nauyi, ai ba ƙwai ba ne.

Sai layuka suka fara fitowa bayan tanderu. Ba kullum ba, ba kuma a kowane jirgi ba, amma sun isa masu saye su fara dawo da kaya. Aka zauna taro. Lissafin da aka yi kowa ma shi zai yi. Kafin wuta faifai lafiya lau a ƙarƙashin fitila, bayan wuta ga layi, wanda ke tsaye a bakin wutar kuwa mutum ne da kowa ya san shi da rawar kai. Aka kira Goggo a matsayinta na shugabar ɗakin guga. Ta ce faifai ba ya barin hannunta da aibi, kuma ta yi imani da abin da ta faɗa. Da a nan ta tsaya, da wataƙila labarin gidan nan ya bambanta. Amma manajan ya dube ta yana murmushi ya ce ai ita ta fi kowa sanin mutumin, shin haka yake da garaje har a gida?

Daga baya ta gaya mini abin da ya zo mata a lokacin. Ta ga kamar za a haɗa su a kora su biyun, ga yara ƙanana. Kuma tana jin haushinsa, don a ganinta ya zubar mata da mutunci a inda ta gina shi. Sai bakinta ya riga ta.

"Yallaɓai, a gida ma ba ma ba shi abu mai fashewa."

Aka yi dariya. Baba yana zaune a ɗakin, a kujerar da ke kusa da ƙofa. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa inda ta fito. Kafin ƙarshen watan aka sallame shi.

Bayan tafiyarsa aka ƙara rage saurin jirgin, layukan suka ragu amma ba su ƙare ba. Aka ce sabon ma'aikacin bai ƙware ba, aka canza shi. Daga baya aka ce tanderun ne ya tsufa. Ba wanda ya koma ya tambayi abin da aka yi wa na farko. Goggo tana ganin duk wannan, kuma kowane bayani aka kawo takan karɓa hannu biyu.

A gida dangi suka riƙa zuwa jaje, suna tambayar abin da ya faru. Abin da ta faɗa a taro shi ta maimaita musu, don ya fi sauƙin faɗa, kuma yana sa a yi dariya a wuce wurin. Haka maganar ta zauna ta yi saiwa. Baba ya kafa benci a ƙofar gida, daidai tagar ɗakin da na zauna daga baya, yana gyaran fanka da dutsen guga da butar lantarki. Goggo ta ɗauki nauyin gida.

Ba na so a ɗauka muguwa ce. Ita ta riƙe mahaifina har ya gama makaranta. Ita ta ba ni ɗaki ba ta taɓa yi mini gori ba. Rigunan Baba kullum farare tas suke, abincinsa ba ya makara, in ya yi zazzaɓi ba ta runtsawa. Ba ta taɓa ɗaga masa murya a gabana ba. Abin da take yi kawai shi ne in ya taɓa abu ya ajiye, sai ta zo da ƙyalle ta goge inda ya taɓa. Ban san ko ta san tana yi ba.

Auta tana ƙarama aka yi abin, don haka ba ta san wani uba ba sai wannan da ake karɓe faranti a hannunsa. Tana sonsa, tana saya masa magani da takalma, amma irin son da ake yi wa yaro mai ɓarna. Da ta haihu, takan zo da jaririn duk ƙarshen mako. Tun safe Baba zai rufe bencinsa, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya bi ƙarƙashin farcensa da tsinke, ya zauna a doguwar kujera ya shimfiɗa tawul a cinya. Auta ta shigo ta gaishe shi, ta kawo yaron kusa ya kama ɗan yatsan ƙafarsa, sannan ta ce, Baba bari ya ƙara ƙwari tukuna, ta miƙa wa uwarta. Yaron ya yi ƙwari har ya fara zama, tawul ɗin bai taɓa ɗaukar komai ba. Baba ya ce mini wata rana, yana naɗe shi, cewa a duniya yanzu ba ya neman komai sai yarinyar nan ta ɗora masa ɗanta a cinya ba ta tsaya a kansa ba.

Saura kaɗan Goggo ta ajiye aiki aka kawo wata sabuwar injiniya, sa'ar Auta, marar yawan magana, wadda ba ta san kowa ba kuma ba ta san tarihin kowa ba. An ce ta binciki layukan nan da suka ƙi ƙarewa. Maimakon ta nufi tanderu kamar na baya, sai ta zo ɗakin guga ta zaɓi faifan da suka fi sheƙi, waɗanda ba su ga wuta ba. Ta tsoma su a wani asid dabam, wanda ya fi cizo a duk inda sahun ƙwayoyi ya goce, ta sa su a ƙarƙashin na'urar da ke girmama abu. Sannan ta kira Goggo ta ce ta leƙa.

Goggo ta ce abin da ta gani kamar gidan tururuwa ne, ƙananan ramuka birjik a inda ita ta san madubi ne. Amma ba yawansu ne ya tsayar da idonta ba. A jere suke cikin lanƙwasa, baka-baka, suna bin juna. Ta san wannan lanƙwasar kamar tafin hannunta. Hanyar da ƙarfen injinta ke bi ce in yana juyawa. Wuta ba ta zana baka.

Injiniyar ta yi mata bayani ba fushi ba tausayi, kamar mai karanta umarnin magani. Nauyin da ake ƙarawa yana tura ciwon ƙasa, ya wuce inda ɗan gajeren wankan asid zai kai. Guga mai laushi kuma ta zo ta rufe bakin ciwon, ta bar cikinsa. Fitila fuska kawai take gani. In faifan ya shiga tanderu, zafi ya samu inda ya riga ya raunana, sai ya buɗe. Ko da wa ke tura jirgin, ko da a kan ƙwai yake tafiya, wasu za su buɗe. Ta tambayi Goggo tun yaushe ake murɗa hannun nan ya wuce alama. Goggo ta ce tun kafin ita injiniyar ta yi haƙori.

Kamfanin bai yi mata komai ba. Aka cire hannun da ake murɗawa, aka sa kwamfuta ta riƙe nauyin da lokacin wanka, aka ce wa 'yan matan su manta da tsohuwar hanya. Manajan da ya yi mata waccan tambayar ya daɗe da barin wurin. A duk ginin ba wanda ya tuna an taɓa korar wani a kan layukan, sai ita.

Na san wani abu ya faru ne da na ga shatin yatsu a gilashin teburin falo ya kwana ya wuni ba a goge ba. Ranar da ba na zuwa aiki ta kira ni kicin, ta zaunar da ni ta faɗa mini duka, idonta a kan tukunyar da ke hannunta. Da ta gama ta tambaye ni, ai da ba a sa su a wuta ba da ba abin da zai same su, ko ba haka ba? Na ce ban san aikin ba, Goggo. Ta ce ta sani, tambaya kawai ta yi. Sai ta ce in zauna kusa in za ta gaya masa, don ita kaɗai ba za ta iya ba.

Da yamma ta fito ƙofar gida. Baba yana haɗa wata fanka, ni ina riƙe masa ragar. Ta tsaya a gefen bencin, abin da ba ta saba yi ba saboda baƙin mai, ta ce, Baban Auta, akwai magana. Ta faɗa a miƙe, ba ta rage komai ba. Ta ce ita ce, da hannunta. Bai daina ɗaure ƙusar da yake ɗaurewa ba. Ya tambaye ta yadda ramukan suke, ta zana masa bakan da yatsa a kan ƙurar bencin. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wutar fa? Me injiniyar ta ce a kan wutar?"

"Ta ce wutar ba ta da laifi. Ta ce ko wa ya tura jirgin, haka za a samu."

Ya ajiye sukudireba. Ya ce ya kwashe shekaru yana bin ranakun nan ɗaya bayan ɗaya a cikin kansa, yana neman ranar da ya ja jirgi da sauri. Ya ce abin haushin shi ne har ya samo wasu. Ya tuna ranar da wani ya yi masa magana ya waiwaya, da ranar da yake jin fitsari, ya ce lallai ranakun ne, ya riƙe su. Yanzu kuma an ce ya mayar, bai san inda zai kai su ba.

Goggo ta ce ya yafe mata. Ya ce yafiya tsakaninsu ce, harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma bai ce ta yi da gangan ba. Amma akwai abin da ba a ɗaki aka ɓata ba.

"A gaban mutane kika faɗi waccan, Madubi. Ki faɗi wannan a gaban mutane. Ban damu da na kamfani ba. A gaban Auta."

Ta ce za ta faɗa ranar walimar da dangi suka shirya mata ta ajiye aiki, kowa zai zo. Ya ce to. Da ta shiga gida ya juyo ya ce mini kada in kuskura in riga ta. Ya ce ba bakina ya ɓata ba, ba bakina zai gyara ba, in Auta ta ji daga wurina za ta ce tausayin tsoho nake ji.

Goggo ta koma goge-gogenta da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Ta sauke labule, ta bi ƙofofi da tagogi, ta fito da farantan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Tana yi tana gwada maganar a kaina. Karon farko ta ce za ta ce ita ta murɗa injin, ita ta koya wa kowa, an bar jaki an doki taiki. Bayan kwana biyu, tana wanke kofuna, ta ce ai in an duba ba ita kaɗai ba ce, duk ɗakin haka suke yi, kuma shugabansu yana gani bai hana ba, gara ta ce mu. Ana jibi walimar ta ce ita injiniyar ma ta ce fitilar ce ba ta gani, to wanda aka ba fitila makauniya laifinsa nawa ne? Kuma 'yan matan da ta koya wa aiki za su zo, ga surukan Auta. Duk abin da ta faɗa akwai gaskiya a ciki. Na ce mata Baba dai abu ɗaya ya roƙa. Ta ce ta sani, ai shi za ta faɗa, gyara shi kawai take yi don ya shiga kunne.

Ranar walimar gidan ya cika. Baba ya goge farar rigarsa da kansa, ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya zauna a gaba, tawul ɗin a naɗe a gefensa. Abokan aikin Goggo suka kawo kyautar kamfani, faifan silikon guda da aka goge aka sa a firam mai gilashi. Bayan an ci abinci aka ce ta yi magana.

Ta miƙe ta gode wa Allah, ta gode wa dangi, ta ambaci kakana da shagonsa. Sai ta dubi Baba, ta dubi Auta da ke tsaye da yaro a kafaɗa. Ta ce akwai wani abu da aka gano kwanan nan a wurin aiki da take so kowa ya ji. Layukan nan na shekarun baya, da suka jawo abin da suka jawo, ashe injinan wancan lokacin ma suna da nasu. Ilimi ne bai kai ba a lokacin. Ta ce don haka Baban Auta ba shi kaɗai ba ne, abu ne da Allah ya ƙaddara, kuma ya wuce.

Mutane suka gyaɗa kai, wasu suka ce Allah Sarki. Wani ƙanen mahaifina, mai son raha, ya ce ashe injinan ma hannun Tanderu suka gado. Aka kwashe da dariya. Goggo tana tsaye har lokacin, bakinta a ɗan buɗe. Na ga ta ja numfashi. Da ta ƙara jimla ɗaya da ta isa. Sai wata daga cikin 'yan matan ta fara tafi, kowa ya ɗauka, Goggo ta zauna.

Aka fara zagayawa da firam ɗin hannu zuwa hannu, kowa na leƙa fuskarsa a cikin faifan yana mamakin sheƙinsa. Da ya zo kan Baba ya miƙa hannu biyu. Auta ta sunkuyo ta bayansa, da yaron a kafaɗarta, ta karɓi firam ɗin daga hannun na kusa da shi ta miƙa wa na gaba.

"A tsallake Baba, don Allah. Guda ɗaya ne aka ba ta."

Ba da mugunta ta faɗa ba, har ta dafa kafaɗarsa. Baba ya yi murmushi kamar yadda ya saba. Ya jira aka ɗan shagala, ya ɗauki tawul ɗinsa ya fita. Kafin baƙi su watse na ji ƙarar fanka ana gwada ta a ƙofar gida.

Da aka gama kwashe kwanuka na tarar da Goggo a falo tana goge shatin yatsun mutane daga gilashin firam ɗin. Ba ta ɗago ba ta ce, ai na faɗa, ko ban faɗa ba? Na ce ta faɗi wani abu. Ta hura wa gilashin numfashi ta ci gaba da gogewa.

Tun daga ranar ba a yi faɗa a gidan ba. Baba yana gaishe ta da safe, yana cin abincinta, yana cewa an gode. Madubi ne kawai bai ƙara kiranta ba, ya koma ce mata Maman Auta kamar kowane maƙwabci. Ita kuma yanzu tana gida wuni guda, ba abin da ya rage bai yi sheƙi ba.

Ƙarshen makon da ya biyo Auta ta zo kamar kullum. Baba bai rufe bencinsa ba. Ta gaishe shi a ƙofa ya amsa, ta wuce ciki. Jim kaɗan sai ga Goggo ta fito da yaron a hannunta, Auta na biye da ita tana tambayar ina za ta kai shi. Goggo ta nufi Baba kai tsaye. Ta tsaya a gaban bencin ta miƙa yaron, ta ce, Baban Auta, karɓi jikanka.

Ya dubi yaron, yaron ya miƙo masa hannu yana dariya. Sai ya ɗaga tafukansa biyu ya nuna mata, baƙi ƙirin da mai har wuyan hannu.

"Ki bari," ya ce. "Hannuna ba kyau."

Auta ta ce ai ta faɗa, ta karɓi ɗanta ta koma ciki. Goggo ta tsaya a wurin da hannunta a miƙe na ɗan lokaci, shi kuma ya jawo dutsen gugar da ke jiransa ya fara kwance shi.